Jan Tulun Ɗangiwa

Allah Ya raba bawa da ilimin leƙe ta kan katanga. Jahili ya san bai sani ba, sai ya tambaya. Wanda ya leƙa kuwa, ko liman ya tare shi a hanya ba ya saurare.

A Tungar Na'iya, wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Kebbe in ka baro Tambuwal, an yi wani magidanci ana ce masa Ɗangiwa. Siriri ne kamar sillen kara, girman duk a baki ya taru. Da rani ya tafi Sakkwato cin rani, ya kafa baron rake a tsallaken titi, daura da ƙofar 'yan kwana-kwana. Wata huɗu yana feren rake yana kallon jajayen motoci suna fita da jiniya suna dawowa. Ƙofar nan sau ɗaya ya taɓa shigarta, ranar da ya roƙi ruwan alwala. Amma da ya dawo gida gab da faɗuwar damina, sai ga shi goye da wani jan tulun ƙarfe na kashe gobara, wanda ya samo a wajen 'yan gwangwan. Da zane ya ɗaure shi a baya kamar jariri.

"Wata fuɗu nika tare da su," in ji shi a majalisa, yana shafa tulun. "Babu gobarar da anka kashe cikin birnin Sakkwato ban ga fitar motar ba."

"Awo, fitar motar kam ka gani," in ji Tambaya, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, wanda danga ɗaya ce ta raba gidajensu. "Ni ma na ga fitar jirgin Makka sau biyu. Ku riƙa ce mini Alhaji."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ɗangiwa ya ce dariyar wanda bai fita ba ba ta yi masa ciwo.

Matarsa Zahara'u ita ta san abin da take gani. Ya sauke kwanukanta daga bango ya rataye tulun a wurin. Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar 'ya'yansa, sai ya goge shi da tsohon ɗankwalinta. Ta ƙyale shi, don tulu a bango ba ya cizo.

Da aka gama kaka aka ɗaure hatsi, Maigari ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a. Dalili kuwa kowa ya san shi: bara masu farautar gafiya sun saki wuta a daji ta cinye rumbuna tara a wata tunga da ke gaba da su, mutanenta har yau ba su miƙe ba. Saboda haka bana kowane maigida ya share ciyawa ƙarƙaf, taku goma, kewaye da gidansa da rumbunsa. Kada a jingina kara ko harawa a jikin rumbu. Ɗanyen icce kuma ba a sare shi sai an faɗa wa Maigari. Ran Alhamis ta sama mai duba-gari zai zo daga Tambuwal ya bi gida-gida.

Kashegari gari ya ɗauki ƙarar fartanya. Tambaya da 'ya'yansa suka share nasu tas, har kana iya shanya tsaba a wurin. Ɗangiwa ya fito da buta a hannu ya tsaya yana kallonsu yana girgiza kai.

"Aikin kakanni," ya ce. "Duniya ta wuce nan, Tambaya. Ku dai ku ta duƙe kamar masu neman allura."

"Kai mi kaka jira?"

"Ni ina da tsari."

Gidan Ɗangiwa shi ne na ƙarshe a garin. Daga bayan dangarsa sai dajin gamba, ciyawa har ƙirji. A cikin dangar, can kusurwa, rumbunsa na zana yake tsaye, dami sittin da biyu na gero a cikinsa. Zahara'u ta san lissafin don ita ta tsaya a gindin tsani tana miƙa masa. Abincin mutum shida ke nan, daga nan har wata kakar. Ba su da shanu, ba su da fadama. In geron nan ya tafi, sai dai su bi shi.

Da ya shigo ta ajiye masa fura, ta zauna gefe.

"Baban Anisa, ciyawag ga ta bayan rumbu ta hana ni barci."

"Sha kuruminki. Mai jan tulu ba shi tsoron wuta. Wuta taka tsoronai."

"Ko taku biyar mu share, don fita haƙƙin Maigari."

"Ke, Zahara'u, kin taɓa ganin ɗan kwana-kwana da fartanya?"

"Ni ban taɓa ganin ɗan kwana-kwana ba ma."

"To ga shi gabanki yana shan fura."

Tsarin farko shi ne feshi. Ya ari injin feshi na goyo, ya hau babur ɗin haya zuwa kasuwar Dogon Daji ya sayo maganin ciyawa, ya zuba ninki uku na abin da mai shagon ya ce, don a cewarsa masu shago rowa gare su. Ya bi bayan gida yana feshi yana waƙa. Ciyawar wajen da sauran ɗanyenta, saboda nan ruwan wanke-wanke yake kwarara. Kwana uku ta mutu murus, amma ba ta kwanta ba. Ta tsaya cak a inda take, busasshiya ƙayau, in iska ta taɓa ta sai ta riƙa ƙara kamar takarda. Abin da ya kwanta shi ne yakuwar Zahara'u da kuɓewarta, da kabewar da ta hau danga tana da 'ya'ya bakwai.

Tambaya ya leƙo ya karyi ciyawar ya ji ta yi ƙas.

"Madalla da tsari. Da ɗanya ta, ta ƙi wuta. Yanzu ka dafa mata abinci ka sa gishiri."

"Matacciyar ciyawa ba ta da ƙarfin ci," in ji Ɗangiwa. "Ka taɓa ganin gawa ta yi gudu?"

Zahara'u ta tsince matattun kabewarta ta zubar. Washegari, yana masallaci sallar asuba, ta ɗauki fartanya ta zagaya baya. Ta share kamar taku biyu ke nan sai ga shi ya dawo. Ya tsaya kamar wanda ya kama ɓarawo a ɗakinsa.

"Kunyata ni kika so ki yi? Gari shi ji matar Ɗangiwa na kartar ƙasa da hannu?"

Ya karɓe fartanyar. Ya tattaro sauran biyun da lauje, ya kafa tsani, ya ɗaga jinkar rumbu ya jefa su ciki a kan gero, ya mayar ya rufe. Tsanin kuma ya kai shi gidan ƙanensa ajiya.

Tsari na biyu ruwa ne. Ya ce a birni tankin ruwa sama ake ɗora shi, don ruwa ya sauko da fushi. A tsakar gidan akwai rumfa mai ƙafa huɗu, wadda suke ɗora harawar awaki a kanta. Ya samo tsohon duro, ya kira samari uku suka ɗaga masa shi bisa rumfar, a tsakiyar harawa. Sannan ya sa aka yi ta miƙa masa bokiti yana zubawa.

"Ƙafar rumfag ga gara ta ci ta," in ji Zahara'u daga bakin madafa.

"Gara ta san wanda taka ci ma rumfa."

A bokiti na goma sha ɗaya rumfar ta yi wani nishi. A na sha biyu ta durƙusa kamar raƙumi. Duro ya gangaro, Ɗangiwa ya biyo shi, harawa ta biyo Ɗangiwa. Ruwan ya nufi madafa kai tsaye, ya kashe murhu, ya kifar da tukunyar miya, kaji suka tashi sama suna kururuwa. Samarin nan uku suka fita da gudu, ba don tsoro ba, don su riga kowa kai labari.

Sharifa matar Tambaya ta ɗago kai ta saman danga.

"Lafiya, Zahara'u? Mun ji kamar aradu."

"Lafiya lau. Gobara anka kashe."

"Ina ta tashi?"

"Ƙarƙashin tukunyar miya."

Ɗangiwa ya fito daga cikin harawa da ganye a gemu yana ɗingishi. Ya dubi mataccen murhun, fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Ko rushi guda bai tsira ba. Haka aka so."

Ranar garau-garau aka ci da rana, shi ma a murhun Sharifa aka dafa. Jiƙaƙƙiyar harawar kuwa, tun da rumfa ta mutu, sai ya kwashe ta ya jera a jikin rumbu, wai ta sha rana. Zahara'u ta tuna masa shelar Maigari. Ya ce Maigari busasshiya yake nufi, wannan kuwa jiƙaƙƙiya ce. Kwana biyu ta bushe. Ba wanda ya ɗauke ta.

Tsari na uku ya faɗa kan darbejiyar da ke jikin danga, wadda uban Ɗangiwa ya dasa, inda Zahara'u take daka a inuwarta. Ya ce babban reshenta ya yi kusa da rumbu, kuma wuta ta sama take tafiya, ya ji ana faɗa. Bai gaya wa Maigari ba, don a ganinsa likita ba ya neman izinin majiyyaci. Ya hau da gatari. Don reshen ya faɗa waje, ya ɗaura masa igiya, ɗaya bakin ya ɗaure a wuyan jakinsa, ya tsayar da jakin yana fuskantar daji.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, jaki bai ga abin sha'awa a matacciyar ciyawa mai warin magani ba. Harawar da ke jikin rumbu yake hange. Reshe na fara ƙara, jaki ya juya ya nufi cikin gida. Reshen ya bi shi, ya kwanta a kan danga, ya murƙushe ta kamu goma, ya fasa turmin Zahara'u gida biyu. Ɗangiwa ya rage a sama, rungume da kututture, ƙafafu suna lilo. Jaki kuwa ya isa harawa ya sa baki.

"Sauko mana, injiniya," in ji Tambaya, wanda ya zo da gudu.

"Dubawa nika yi. Daga nan aka ganin hanyar wuta."

"Ka gan ta?"

"Kawo tsani, Tambaya, ban son wargi."

"Tsanin da ka kai ajiya?"

Sai da aka aika gidan ƙanensa. Kafin tsani ya iso, rabin gari ya zo ya gaida shi a sama, har da masu tambayarsa ko ana hango Jabo daga can.

Danga ta buɗe, awakin gari suka samu hanya. Don ya toshe giɓin, Ɗangiwa ya kwaso damman karan dawa ya jera su tsaye, ya cusa, ya danne. Zahara'u ta fito ta tsaya tana kallo. Ba ta yi boko ba, amma idonta ya karanta abin da ke gabanta tsaf: busasshiyar ciyawa ta taɓa kara, kara ya taɓa harawa, harawa ta rungume rumbu. Ko amarya ba a shimfiɗa mata hanya haka.

"Don Allah, Baban Anisa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba don ni ba. Don ɗiyan nan. Ka janye harawag ga kawai."

"Gobe Alhamis," ya ce. "Gobe za ki san wa kika aure."

Ta koma ɗaki ta yi abin da ya rage mata, ta ɗaga hannu ta kai ƙara inda ba a kaiwa a dawo da kunya. Sannan ta cika kowane tulu da bokiti da kwano na gidan da ruwa, ta jera su a bayan ɗaki inda ba zai gani ya yi tsari da su ba.

Ran Alhamis da hantsi mai duba-gari ya iso a kan babur. Malam Gazali sunansa, mutum mai sanyin magana, ya sha rana a wannan aiki. Shi da Maigari da dattawa suka bi gida-gida, yana taka ƙasa yana ƙirga taku. Yara da zauna-gari-banza suka bi bayansu, don kowa ya san inda za a ƙare.

A gidan Tambaya ya ƙirga goma sha biyu, ya sa albarka. Suka zagayo bayan gidan Ɗangiwa. Malam Gazali ya ɗaga ƙafa zai fara ƙirga, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Maigidan nan ya yi tafiya ne?"

"Ga ni!"

Ɗangiwa ya fito cikin babbar rigarsa ta Idi, ya ɗaure ta da ɗamara, ya kifa wata tsohuwar hular kwano ta 'yan kabu-kabu masu haya da babur, jan tulu a kafaɗa. A tsakiyar busasshiyar ciyawar ya riga ya gina wata 'yar bukka ta kara, tsawon yaro, har da ƙofa.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Maigari, "sannu da zuwa, abokin aiki," ya ce wa Malam Gazali. "Yau za ni nuna ma garin ga abin da anka ɓoye musu. Wagga bukka ita ta gidan da gobara ta kama. Ni kunna ta, in ƙirga uku, in kashe ta. Daga yau kowa shi aje fartanya."

"Wa ya sare iccen can?" in ji Maigari.

"Shina cikin tsari, ranka shi daɗe."

Malam Gazali ya matso. "Mu ga tulun." Ya karkata kai ya dubi ɗan agogon da ke wuyan tulun, ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Malam, allurar nan ta kwanta ga ja. Babu komi cikinai. Ga alama tun ina makaranta anka juye shi."

Ɗangiwa ya yi dariya, ya waiwayi taro don su taya shi.

"Ku ji fa! Ja shi na babu! Motar kwana-kwana wane launi gare ta? Tulun kansa wane launi gare shi? Malam, kai duba masai anka koya maka, wuta fanninmu ne."

"Ɗangiwa, na hana," in ji Maigari. "Aje ashanar nan."

Amma wanda ya kwana goma sha uku yana jiran ranarsa ba Maigari ke tsayar da shi ba. Ya riga ya ƙyasta. Ya jefa cikin bukka, ya ja da baya, ya gyara tsayuwa.

Bukka ta kama bal-bal.

"Ɗaya!" ya ce, yana ɗaga yatsa. "Biyu! Uku!"

Ya ja ƙusar da ke kan tulun. Ta ƙi. Tsatsa ta riƙe ta. Ya ja da haƙori, ta ƙi.

"Fuɗu," in ji Tambaya. "Biyar."

"Ku ba ni dutse!"

Ya samu dutse ya yi ta bugu har ƙusar ta fita. Ya saita bakin robar tulun ga wuta, ya runtse ido, ya matsa da dukan ƙarfinsa. Tulu ya ce fuss, kamar tsoho ya yi atishawa. Wani ɗan farin gari da bai kai cikin cokali ba ya fito, tare da ɓarɓashin gidan zanzaro, da zanzaron kansa, wanda ya fito a fusace ya nemi wanda ya rushe masa gida ya same shi a fatar ido.

"Wayyo! Ya ɗan toshe ne! Ku dakata!"

Wuta ba ta dakata ba. Ta sauko daga bukka ta shiga ciyawar feshi, ta ruga kamar an kira sunanta. Kafin a ce innalillahi ta isa karan da aka toshe danga da shi. Kara ya yi tas-tas-tas, ya miƙa wa harawa. Harawa ta miƙa wa rumbu.

Zahara'u tana tsaye a tsakar gida ta ga harshen wutar ya lasa zana. Ba ta yi kuka ba. Ta tura yara gidan Sharifa, ta ɗauki bokitin farko.

"Jama'a, ruwa na bayan ɗaki! Yaya Tambaya, geron!"

Gari ya ruɗe. Mata suka ja layi daga rijiya, bokiti yana bin hannu. Samari suka karyo ɗanyen ganye suna bugun ciyawa. Malam Gazali ya tuɓe takalmi yana kwasar ƙasa da kwano yana watsawa.

"Fartanya!" in ji Maigari. "A yanke mata hanya! Ina fartanyun gidan ga?"

"Suna cikin rumbu," in ji Zahara'u.

Maigari ya dube ta, ya dubi rumbun da ke ci, ya dubi Ɗangiwa. Ya juya ya tura samari su kwaso na maƙwabta.

Shi kuwa gogan, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, yana ta zagaye da tulu a hannu yana ba da umarni. "Ku yi layi biyu! Ba haka aka yi ba! Ku jira jiniya!" Ba wanda ya kula shi sai wutar, wadda ta kama gefen babbar rigarsa ta baya. Ya ji zafi, ya waiga, ya yar da tulu ya zuba a guje, rigar tana hayaƙi. Sharifa ce ta tare shi a bakin ƙofa da abin da ke hannunta, ƙwaryar ruwan gasara mai tsami, ta sheƙa masa tun daga hular kwano har ƙafa.

"An kashe guda," ta ce, ta koma layi.

Tambaya da samari huɗu suka sa adda suka farke bayan rumbun, ɓangaren da wuta ba ta kai ba, suka riƙa fizgo damma suna jifa baya. Hayaƙi ya kore su, suka koma, ya sake korarsu. A karo na uku jinka ta rufta ciki, sai kowa ya ja da baya. Daga nan kallo ne ya rage. Ta gefen gidan Tambaya kuwa, wutar ta zo bakin sharar da ya yi, ta yi ta lasar ƙasa ba ta samu abin ci ba, ta mutu don kanta.

Kafin azahar komai ya lafa. Inda rumbu yake sai tudun toka mai ƙaurin gasasshen gero, da ƙarafan fartanya uku babu ƙota. Zahara'u ta bi damman da aka ceto tana taɓa su ɗaya-ɗaya. Goma sha bakwai. Ta sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Goma sha bakwai. Sannan ne ta zauna a kan ɓarin turminta ta rufe fuska da gyale.

Can sai aka ji muryar Ɗangiwa, gasara tana ɗiga daga gemunsa.

"Amma dai kun ga yadda na hango hanyar da za ta bi. Da ba don na..."

"Ɗangiwa," in ji Maigari. "In ka ƙara kalma guda, ni sa a mayar da kai bisa iccen can, a ɗauke tsani."

Malam Gazali ya sa takalminsa, ya taka baƙar ƙasar tun daga bango har bakin daji yana ƙirgawa.

"Taku arba'in," ya ce. "Duk garin ga babu wanda ya kai shi shara."

Bayan la'asar Maigari ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Maganar saran icce da ƙin bin doka, ya ce wannan tsakanin Ɗangiwa ne da hukuma, zai amsa kira a Tambuwal. Amma yara huɗu ba su kunna ashana ba, uwarsu ma ba ta kunna ba, kuma ba a taɓa barin gida da yunwa a Tungar Na'iya ana kallo ba. Kowane mai hali ya kawo dami guda. Kafin magariba aka tara ashirin da shida. In an haɗa da na hannu, an tsuke baki, an haɗa da tafasa da rama, za a ga damina.

"Allah Shi saka," in ji Ɗangiwa, yana miƙewa. "A kai mini su gida. Ina da wani tsarin rumbu na zamani wanda..."

"Zauna," in ji Maigari. "Ba kai anka ba ba. Zahara'u anka ba. Cikin rumbun Tambaya za a zuba su, kuma ko zangarniya guda ba ta fita sai da bakinta."

Abin da ba a taɓa yi ba ke nan a garin, mace ta riƙe rumbu mijinta yana raye. Liman ma kai ya gyaɗa.

Ran Asabar da safe tsaba ta ƙare a gidan. Ɗangiwa ya jira har ya ga hanya ta yi sauƙin mutane, ya saɓa kwando ya nufi ƙofar Tambaya, ido ɗaya har yanzu a kumbure. Ya tarar da majalisa ta dawo nan kacokan, har da waɗanda ba su saba fitowa da wuri ba.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, injiniya. Gobara ta tashi?"

"Gero za ka ɗebo mini."

"Wane gero?"

"Gerona mana, Tambaya."

"Naka na san inda shike, iska na wasa da shi bayan gidanka. Na nan na Zahara'u na. Ita ta aiko ka?"

Ɗangiwa ya dubi majalisa, majalisa ta dube shi.

"Ita ta aiko ni."

"Sai na ji daga bakinta." Tambaya ya ɗaga murya, ko da yake ba a bukata, tun da dangar da ta raba gidajen ta zama toka. "Zahara'u! Ga wani nan da kwando, wai ke kika aiko shi. A ba shi?"

Zahara'u tana duƙe tana hura wuta a murhu. Ta ɗago, ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi mijinta tsaye da kwando a gaban mutane.

"A ba shi dami guda, Yaya Tambaya," ta ce. "Amma kafin shi matsa kusa da rumbu, a laluba aljihunai."

Aka laluba. Kwalin ashana biyu aka samu.